Ranar da Na Yi Dako a Tashar Bogi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekaru yana duba tikiti a jirgin ƙasan da ke tashi daga Kano zuwa Legas. Da harkar reluwe ta durƙushe sai ya koma sayar da takalma, Allah kuma ya buɗa masa. Amma duk arzikin da ya yi a takalmi, hirar jirgi ce kaɗai ke sa shi gyara zama. Zai jero maka tashoshi ɗaya bayan ɗaya har bakin teku, ya gaya maka wadda ake samun dafaffen ƙwai mai zafi, da wadda mata ke miƙo fura ta taga, da wadda direba ke daɗewa don yana da iyali a garin.

A lokacin da nake ba da labarinsa, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, ina shekara ta uku a wata jami'a a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Karatun injiniya ne ya kai ni, amma aikin tafinta ne ke ciyar da ni. 'Yan kasuwarmu na zuwa, ni kuma na iya Sinanci, sai in tsaya tsakaninsu da masu masana'antu. Yawancin aikin ta hannun mutum ɗaya nake samunsa, wani mai masana'antar takalma da ke da ofis a unguwar Liwan. Kowa Laoban yake ce masa, wato maigida. Shi ke yi wa Kawu kaya, shi ne kuma ke turo mini duk Bahaushen da ya shiga ofishinsa yana magana da hannu.

Kaka ta yi, Kawu ya zo baje kolin Pazhou kamar yadda ya saba. Akwai 'yan kwanaki da ake rufe zauren a kwashe kaya a shigo da wasu, baƙi su rasa abin yi. A cikin kwanakin nan ne muna shan shayi a ofishin Laoban, Kawu ya ce in tambaye shi ko jiragen ƙasansu na da kyau kamar yadda ake faɗa. Na tambaya, na ƙara da cewa Kawu tsohon ma'aikacin jirgi ne. Laoban ya tafa hannu. Ya ce ai ƙanwar matarsa ta buɗe kamfanin yawon shaƙatawa, kuma abin da ta fi alfahari da shi wata tafiya ce ta yini ɗaya a jirgin ƙasa, irin wadda Turawan Ingila ke yi a zamanin tsohuwar sarauniyarsu, lokacin da jirgi yake sabo, mutum ya kwashi iyalinsa ranar hutu a tafi shan iska. Ya ɗauki waya ya kira ta. Da ya ce mata baƙin nasa 'yan Afirka ne, daga inda nake zaune na ji muryarta ta ɗaga. Ya ajiye waya yana murmushi, ya ce kyauta za mu tafi, ba za ta karɓi ko sisi ba.

Kawu ya yi ta "shieshie, shieshie", wato na gode, iyakar Sinancinsa ke nan in ban da "meyo", wato babu. Ni kuwa abin ya ɗan tsaya mini a rai, don ban ga dalilin da mai sana'a za ta yi murnar fasinjan da ba zai biya ba.

Ranar tafiya Kawu ya sha farar shadda da hula zanna, ya fesa turare, kai ka ce ɗaurin aure za shi. Mun isa tasha da sassafe. Ashe tarago ɗaya kamfanin ya yi haya, aka ɗaura shi a bayan jirgin fasinja na yau da kullum. A bakin taragon matar take tsaye, cikin wata doguwar riga mai baza kamar an kifa kwando, da hula mai furannin roba, da lasifika a hannu. Ta ce mu riƙa ce mata Madam. Ta dube mu sama da ƙasa, irin kallon da Kawu ke yi wa takalmi kafin ya yi oda, sannan ta juya ga mai ɗaukar hoton da ke bayanta ta ce, "Tsohon ya fi baƙi, shi zai fi fitowa."

Kawu ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce shaddarka ta yi kyau."

Ya yi murmushi ya ɗan rusuna mata, muka shiga.

Warin ne ya fara tarbar mu. An rataya jajayen labule masu kauri a tagogin, ban san tun yaushe rabonsu da ruwa ba, sun sha damshin garin nan har sun yi fumfuna a gindi. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan kowane tebur, in ka ɗora hannu sai ya manne. A ƙarshen taragon an tara rigunan haya a kan igiya, na mata masu baza da na maza masu wutsiya, fasinjoji na zaɓa suna sawa a kan kayansu. Duk wadda aka ɗaga sai warin hammatar wanda ya sa ta jiya ya biyo. Wani ƙato da ke kujerar gabanmu ya sa doguwar baƙar hula irin ta Turawan dā, ya tuɓe takalminsa ya ɗora ƙafa a kan kujera, ya buɗe ledar ƙafar kaza yana tsotsa yana tofar da ƙashin a kan farin ƙyallen.

Kawu bai damu ba tukuna. Jirgi na tashi ya manna fuska a taga. Ya ce, "Ka ji? Ko girgiza babu. Waɗannan sun iya shimfiɗa dogo." Yana duba agogonsa duk tashar da muka wuce yana gyaɗa kai.

Ba a bar shi ya saurari jirgin ba. Madam ta kunna lasifika, ba ta kuma kashe ba har muka isa. Ta ba da tarihin yadda Turawa ke hutu, ta sa aka yi waƙa, ta tallata wani man zafi da ta ce sarauniya da kanta ta yi amfani da shi. Daga nan aka kawo abin da ta kira shayin Ingila. Ruwan ɗumi ne da garin madara da bai narke ba, sai biredi yanka biyu da jan nama a tsakiya. Na gaya wa mai rabon abincin, wani mutum mai farar safar hannu da bakin yatsunta suka yi baƙi ƙirin, cewa mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade. Ya ce ba matsala. A gabanmu ya buɗe biredin, ya zare naman da safar nan, ya ɗora a farantin makwabcinmu, ya rufe biredin ya turo mana. Maiƙon na nan yana ƙyalli.

Kawu ya dubi biredin ya dube ni. Ya ce, "A jirginmu, ko mai tallan ƙosai ba za ta yi wa kare haka ba." Ya ciro dabino daga aljihu muka raba.

Akwai wani dattijo a kujerar da ke gefenmu, 'yarsa ce ta kawo shi, shi kaɗai ne cikin 'yan ƙasar bai sa rigar haya ba. Ya lura da yadda Kawu ke duba agogo, sai ya tambaye ni aikinsa. Da na gaya masa, ya nuna ƙirjinsa ya ce shi ma ya yi shekaru yana zuba wa jirgi gawayi. Ya miƙo mana lemo biyu. Daga nan ba su ƙara bukatata ba sosai. Wannan ya kwaikwayi ƙarar birki, wancan ya kwaikwayi usur, su yi dariya. Wannan ɗan lokacin ne kawai na tafiyar da nake tunawa ba tare da raina ya ɓaci ba.

Wajen hantsi muka sauka a wani ƙaramin gari cikin tuddai, aka zuba mu a bas. Kafin a kai mu inda za mu, sai da aka tsaya a wani shago aka rufe ƙofa, aka yi ta nuna mana kwalabe da macizai a jiƙe a ciki, ana cewa maganin ciwon baya ne. Ba a buɗe ba sai da mutane suka saya.

Wurin shaƙatawar kansa fili ne da aka kewaye, aka gina tasha a tsakiya. Daga nesa ka ce jan bulo ne, in ka matso ka ga falanki ne aka yi wa zane. Agogon da ke sama fenti ne, hannuwansa ba sa motsi. A gaban tashar kan jirgi ne baƙi, irin mai gawayi, hayaƙi na fita ta bututunsa. Kawu ya yi sauri ya nufe shi, dattijon nan na biye da shi. Na ga sun tsuguna suna leƙa ƙarƙashinsa. Dogon da yake kai bai fi tsawon ɗaki biyu ba, ƙafafunsa kuma an like su da walda. Dattijon ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa, ta yi ƙarar garwa. A ciki wata na'ura ce aka jona da wuta take fitar da hayaƙin, mai ƙamshin turaren ban ɗaki. Dattijon ya tofar da yawu ya koma inuwa ya zauna. Kawu ya miƙe yana karkaɗe gwiwar shaddarsa. Ya ce, "Wannan ko kaza ba zai ja ba."

Nan Madam ta same mu. Ta ce lokacin hoto ya yi, kuma ta tanadar wa manyan baƙinta kaya na musamman. Ta ce tunda an gaya mata Kawu ma'aikacin jirgi ne, shi za a fara sa wa. Na fassara masa daidai yadda ta faɗa. Fuskarsa ta sake washewa. Ya ce, "Ka ce mata in akwai hular shugaban tasha, ita nake so. Shekara da shekaru ina ƙarƙashinsu ban taɓa sa ta ba."

Na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, "Meyo, meyo," ta ja mu zuwa wani ɗaki a bayan tashar. Ta ciro leda ta zazzage a kan benci. Gajeren wandon kaki ne, da riga mai guntun hannu, da jar ɗamara, da jar hula mai tuntu. Ta nuna ƙafafun Kawu ta ce takalmin ma a cire. A bakin ƙofa ga wani tsohon akwatin fata. Ta yi bayani da sauri, kamar mai karanta oda: akwai ango da amarya da suka biya kuɗin hoto na musamman, za su tsaya a gaban jirgin, amarya da lema, shi kuma Kawu ya tsaya a bayansu da akwatin a ka. Bayan su, duk fasinjan da ke so zai iya biya a ɗauke shi. Ta ce a tsofaffin hotunan Turawa haka ake yi, kuma babu wani kamfani a garin da ke da baƙin mutum na gaske.

Ban fassara ba. Amma Kawu bai bukaci tafinta ba. Ya ɗaga wandon da yatsu biyu ya duba shi, ya dubi akwatin.

Ya ce, "Ɗan nan, tun a tasha ka san da wannan?"

Na ce, "Wallahi Kawu ban san kayan ba."

"Ban tambaye ka kaya ba. Abin da ta faɗa a bakin tarago, shaddata ta yaba?"

Na sunkuyar da kai.

Ya saki wandon ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Mahaifinmu, kakanka, da irin wannan wandon ya yi wa Bature dako a tashar Kano. Har ya rasu gashi bai sake tsirowa a tsakiyar kansa ba. Da kuɗin dakon ya sa ni makaranta don kada in ɗauki akwatin kowa. Ka gaya mata haka, kuma kada ka rage ko kalma ɗaya."

Na juya ga Madam. Abin da na ce mata shi ne, tsohon yana fama da ciwon wuya, likita ya hana shi ɗaukar kaya.

Fuskarta ta canza. Ta ce ta riga ta karɓi kuɗin ango, ta ba mu kujera biyu kyauta da abinci, kuma mijin yayarta ya ce mata mu mutanen kirki ne. Ta ciro wayarta ta ce bari ta kira shi ta ji ko haka abokan cinikinsa ke saka alheri. Kawu ya riga ya fice, yana tambayar mutane da hannu inda zai sami ruwan alwala.

Ina tsaye ina kallon yatsanta a kan wayar. Na tuna cewa duk aikin da nake samu daga ofishin mutumin nan yake fitowa, na tuna kwantenar Kawu da ba a gama lodi ba. Na so in ce don Kawu na yi, na daɗe ma ina gaya wa kaina haka. Amma na san kaina na fara tunawa. Na ce mata, "Ki bari. Ni zan sa."

Ta dube ni ta ɗan yatsina fuska, ta ce ban kai shi baƙi ba, amma za a yi maneji.

Wandon ya matse ni, rigar na da damshi, ban san ko na wanki ba ne ko na gumin wani. Hular ta yi mini kaɗan, sai da mai hoton ya danna ta da tafin hannu. Na fito ba takalmi, simintin ya ɗauki zafin rana. Akwatin babu komai a ciki, bai da nauyi ko kaɗan, sai warin ɓera. Da na ɗora shi a ka mutane suka yi shewa suka tafa. Amarya ta buɗe lema. Mai hoto ya ce in ɗan rusuna, in buɗe haƙora. Na rusuna, na buɗe.

Bayan ango da amarya sai layi ya kafu. Ƙaton nan mai ƙafar kaza ya zo da doguwar hularsa, ya dafa kafaɗata da hannunsa mai maiƙo, ya ce wa matarsa ta matso ba na cizo. Wata ta goga yatsa a hannuna ta duba yatsan. Wasu sun ce mini na gode, wasu ba su ma dube ni ba, kamar yadda ba su dubi agogon fentin ba. Duk abin da suke faɗa ina ji, kalma bayan kalma, har na yi da-na-sanin iya harshen.

Ta tsakanin kawunan mutane na hango Kawu a gindin wata bishiya. Ya shimfiɗa jarida ya yi sallar azahar. Da ya sallame bai tashi ba, ya zauna yana kallona. Bai kau da kai ba ko sau ɗaya. Dattijon mai gawayi ya zo wucewa ta gabana, 'yarsa ta ce ko zai tsaya a ɗauke su. Ya daka mata tsawa, ya wuce bai dube ni ba. Na san don ya raga mini ne, amma hakan ya fi tafin mutanen ciwo.

Da aka gama Madam ta miƙo mini kwalbar man zafin nan tana murmushi, ta ce tukwici ne. Na karɓa. Har yau ban san dalilin da ya sa na karɓa ba.

A hanyar dawowa Kawu ya ƙi shiga taragon labule. Ya wuce gaba ya sayi tikitin kujerar katako a cikin talakawan gari, ni ma na bi shi. Muka zauna tsakanin masu buhunan albasa da wata mata mai agwagi a kwando. Bai manna fuska a taga ba, bai duba agogo ba. Sai da muka kusa shiga gari, gine-gine suka fara tsawo, sannan ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

Ya ce, "Ka gaya mata abin da na ce?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Na sani. Da ka gaya mata, da ba ta yi maka wannan murmushin ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka yi sallah?"

Ban yi ba. Na rama ta a wani lungu na tashar bayan mun sauka, ina jin warin rigar nan a fatata.

Washegari Laoban ya tambaye mu yadda tafiya ta kasance. Kawu ya ce in ce masa jirginsu na da kyau, dogonsu kuma ba shi da na biyu. Wannan karon na fassara daidai. Kwantena ta tashi a kan lokaci. Kawu ya ci gaba da sayen takalma a wurinsa shekaru da dama, sai dai daga wannan zuwan ya ɗauki wani tafinta, wani Bazazzagi da ke karatun likita. Bai gaya mini dalili ba, bai kuma gaya wa mahaifiyata komai ba. In mun haɗu a gida muna gaisawa lafiya, yana tambayar karatu, yana sa mini albarka.

Bayan 'yan watanni, wata Juma'a mun taso daga masallaci, na biya kasuwar kayan kwamfuta ta unguwar Tianhe tare da wani abokin karatuna ɗan Nijar, mutumin Damagaram, zai sayi batirin kwamfuta. A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa wata mata na raba takardun talla, ta cusa masa ɗaya a hannu. Ya kusa jefar da ita sai ya tsaya. Ga baƙin jirgi da hayaƙinsa, ga amarya da lema, ga ni a baya da akwati a ka da haƙora a waje. An ƙara wa fatata duhu da na'ura, an ƙara wa hular ja.

Ya dubi takardar ya dube ni. Ya ce, "Kai, wannan ba kai ba ne?"

Na karɓa na yi kamar ina dubawa da kyau. Na ce, "Ina fa. Wani ne dai ya sayar da mutuncinsa."

Ya ce, "Allah wadai. Ko nawa suka ba shi?"

Na ce ban sani ba. Matar na riƙe da takardun cike da hannu, wasu kuma sun zube a ƙasa mutane na takawa. Muka shiga kasuwar muka sayi batirin.